Wasiƙa daga Buruksel zuwa Tawa: shara ma tana da mai ita

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka da iyali, da fatan Inna tana cikin ƙoshin lafiya, kuma kowa da kowa lafiya a Tawa da ƙauyukan Adar. Mu nan Buruksel, babban birnin Beljiyam, alhamdu lillahi, sai sanyi da aiki. Ranar da muka yi waya ka tambaye ni ko da gaske ne a nan ana cin mutum tara saboda shara. Da gaske ne. Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma ajiye ta inda sauran ƴan uwa za su gani, musamman masu shaguna da masu gidajen haya irinka, don ku maganar ta fi shafa.

Kaya dai a nan ba a maganarsu, akwai su kuma masu kyau ne. Sai dai kusan komai a naɗe yake zuwa. Nama cikin farantin roba an lulluɓe shi da leda, madara cikin kwali, tumatir cikin gwangwani, ruwan sha cikin gora. Mu da muke zuwa wajen mahauci da kwanonmu, mu auno gero da tiya a zuba mana a buhu, ba mu san yawan tarkacen da cefanen kanti yake haifarwa ba. A ganina gidan mutum biyu a nan ya fi babban gidanmu na Tawa tara abin zubarwa. Saboda haka kada kowa ya ɗauka tsaftarsu ce ta fi tamu. Shararsu ce ta yi yawan da ya tilasta musu yi mata doka.

Dokar kuwa ga yadda take. Ba a haɗa shara wuri ɗaya, kowace iri da ledarta. Shuɗiya ta gorunan roba ce da gwangwani da kwalin madara. Mai ruwan ɗorawa ta takarda da kwali. Koriya ta ganye da ciyawar lambu. Mai ruwan goro ta ragowar abinci ce, ɓawon albasa da dankali, shinkafar da ta kwana, garin kofi da ganyen shayi, kuma tun watan Mayun 2023 ta zama dole a kan kowa. Abin da bai shiga ko ɗaya ba shi ake zubawa a farar leda. Kwalba ba ta shiga leda sam, akwai manyan tankuna a bakin titi, ɗaya na farar kwalba ɗaya na mai launi, can mutum zai kai da ƙafarsa. Hukumar da ke kwashewa ana kiranta Bruxelles-Propreté, kuma kowane layi yana da ranarsa da sa'arsa. Idan ma'aikatan suka ga leda an cakuɗa, sai su manna mata takarda su bar ta a ƙofar gida, kowa ya wuce ya gani. Akwai kuma masu bincike da ke buɗe ledar da aka yar ba bisa ƙa'ida ba, su nemi wasiƙa ko rasit mai ɗauke da suna, daga nan takardar tara ta iske mutum har gida.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne manyan benaye na haya. A benen da nake, ba ma fitar da leda bakin titi. A ƙasa akwai ɗaki guda da aka ware, ciki da manyan kwantenoni masu taya, kowace da launinta da hoton abin da ake zubawa manne a jikinta, don wanda bai iya Faransanci ko Fulamanci ba ya gane. Ba ɗan haya ne ya nemo su ba. Masu gidan ne, ta hannun wakilin da ke kula da benen, wanda suke kira sandik. Shi ke shirya zuwan mota, shi ke biyan mai wanke ɗakin da mai turo kwantenonin waje ranar kwasa, kuma kuɗin yana cikin ɗan ƙarin da muke biya a kan haya tare da na fitilar matakala da na shara da goge-goge. Wato kafin a ce wa ɗan haya ya ware shara, sai da aka fara tanadar masa wurin da zai zuba.

Ba na ce abin yana tafiya sumul ba. Gida ne mai mutane daga ƙasashe da yawa, wani sabon zuwa ne, wani kuma ya sani sarai amma ƙyuya ta hana shi. Mutum ɗaya ya jefa ƙunzugun jariri cikin kwantenar takarda, ya ɓata wahalar mutum hamsin. An taɓa ƙin kwashe mana kwantena saboda irin haka, aka kira wata mota ta musamman, kuɗin kuma aka raba shi a kan kowa, har da tsohuwar da ke hawa na biyu wadda take wanke gwangwanin kifi kafin ta jefa. Wannan ya yi mini ciwo, har yau kuma ina ganin rashin adalci ne. Amma tun daga ranar maƙwabta suka fara yi wa juna magana, sabon ɗan haya kuma ranar da ya tare ake kai shi ɗakin a nuna masa.

Ƴan kasuwa nasu ya fi tsanani, kuma na san shi ciki da waje tunda a ɗakin girkin wani gidan abinci nake aiki, kusa da kasuwar mayanka ta Anderlek. Mai shago ko gidan abinci ko ofis ba shi da izinin fakewa da sharar gidaje. Dole ya ƙulla kwantiragi da mai kwasar shara da hukuma ta amince da shi, ya biya daga aljihunsa, ya kuma adana takardun shaida don ranar da masu bincike za su shigo. A wajenmu kwalin kaya ana buɗe shi a shimfiɗe a ɗaure. Ragowar abinci tana da mazubinta mai murfi. Man suyar da ya ƙone ba a tuttular da shi a kwata, ana tara shi a jarka wani kamfani ya zo ya ɗauka. Maigidanmu ba wani mai wa'azin muhalli ba ne, ɗan kasuwa ne mai lissafi. Ya ga sharar da aka cakuɗa ta fi tsadar kwasa, sai ya zama shi ne kan gaba wajen sa mana ido, har ya fara ce wa masu kawo mana kayan miya su riƙa zuwa da akwatunan da za su koma da su. Ka ga inda doka ta taɓa aljihu, ba a bukatar mai shela.

Bayan mai gida da mai shago akwai na uku, shi ne wanda ya ƙera kayan. Kamfanonin da ke zuba kaya a kasuwa cikin gora da kwali suna biyan kuɗi ga wata ƙungiya mai suna Fost Plus, da kuɗin ake ɗaukar nauyin kwasa da tantance abin da ke cikin shuɗiyar leda. Idan ka sayi firigo ko talabijin, akwai ɗan kuɗi a cikin farashin da ke tafiya ga Recupel, ƙungiyar da ke kwasar matattun kayan lantarki, kuma kantin da ya sayar maka da sabo dole ya karɓi tsohon. Mataccen batir akwai akwatinsa a ƙofar manyan kantuna. Kwalaben da ake sake cikawa ana riƙe kuɗin jingina a kansu sai ka mayar, irin yadda muka saba da kwalbar lemo a da can. A Jamus sun wuce nan, gorar roba da gwangwanin lemo ma santim 25 na yuro ne a kansu, kusan sefa 165 ke nan, shi ya sa da wuya ka ga ɗaya yashe a titi. Tun 2024 ma murfin gora a Tarayyar Turai manne yake da gorar, don kada ya faɗi ya ɓace.

To amma Yaya, kada in zana maka aljanna. Buruksel ba ta da tsaftar da ake zato. Daren kwasa za ka ga ledoji jibge a gefen hanya, tsuntsaye da ɓeraye sun farfasa su, wasu kuma su fito da tsohuwar katifa cikin dare su jingine a jikin bishiya. Farar leda ƙona ta ake yi a wata babbar masana'anta da ke Neder-Over-Heembeek a bakin mashigin ruwa, a samu wutar lantarki da zafinta, amma dai ƙonawa ce. Abin da ya fi damuna shi ne gyara ya mutu a hannunsu. Ladan mai gyara ya yi tsadar da sau da yawa sayen sabo ya fi sauƙi, sai ka ga an yar da fanka ko rediyon da yaron mai gyara a kasuwar Tawa zai tayar kafin la'asar. A wannan fanni mun fi su nesa ba kusa ba, kuma ina faɗa musu haka a wurin aiki.

Wani kason abin da suka gaji da shi kuma wajenmu yake ƙarewa. Unguwar Heyvaert ba ta da nisa da inda nake aiki, nan ake tara tsofaffin motoci a kai tashar jiragen ruwa ta Anbers, su sauka Kwatano da Lome. Tun 2018 birnin Buruksel ya fara hana tsofaffin motoci masu hayaƙi yawo a cikinsa. Tufafin da ake zubawa a akwatunan bakin titi, wasu su ne boshon da ake gwanjonsu a kasuwanninmu. Ba na zagin wannan ciniki, ya rufa wa mutane da yawa asiri, har da ƴan uwanmu na nan. Sai dai kuɗin da aka biya a Turai don binne firigo idan ya mutu yana nan Turai, gawar firigon kuma tana bayan gidanmu.

Idan na juyo gida, abin da nake gani shi ne sana'ar juya shara muna da ita tun kafin a rubuta mata doka a nan. Je ka kasuwar Katako a Yamai ka ga yadda ake narkar da gwangwani da tarkacen alminiyom a zuba tukwane da ludaya. Tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga. Gorar ruwa ta koma hannun mai zoɓo da mai kunun aya. Yaran bola jari suna bin layi suna sayen ƙarfe. Ragowar tuwo ta awaki da kaji ce. Juji kuwa manomin Adar ya san darajarsa, da amalanke ake kwasarsa a kai gona a zuba a ramukan tasa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa, kafin ruwa ya sauka. Abin da su suke gina masana'anta don su samu, wato taki daga ragowar abinci, mu a tsakar gida muke yin sa.

Leda ce ta ɓata mana lissafi. Baƙar ledar cefane da ta fiya wata ba sa ruɓewa, ba mai saye, ba dabbar da ke amfana da su. Su ne ke maƙale a ƙaya a bakin gari, su ne mahauta ke cirowa dunƙule daga tumbin akuya, su ne ke toshe magudanan ruwa a Yamai har ruwan sama kaɗan ya shiga ɗakunan mutane. Takin ma sun gurɓata shi, manomi sai ya tsaya tsince leda kafin ya watsa. Kuma ba doka muka rasa ba. Tun Nuwamban 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan leda, amma yau ko barkonon dala biyar ka saya a ciki za a ƙulla maka. A nan Buruksel an hana ledar kanti a 2017 kuma ta ragu ƙwarai, don an bi ta kan masu kantuna, su kuma suna da adireshi da lambar haraji da abin da za su yi asara. Mu kuwa duk lokacin da aka tashi maganar tsafta, kan matar da ta fito da kwandon shara ake sauka, alhali ba a ba ta wurin zubawa ba, motar magajin gari kuma ba ta san ranar zuwanta ba. Ni dai ra'ayina, a fara da masu shigo da leda da masu buga fiya wata, sai manyan shaguna da otal-otal da tashoshin mota, sai masu gidajen haya. Hukuma kuma ta tsayar da ranar kwasa ta cika alkawari, ko da amalanken jaki ne. Ba a cin mutum tara a kan abin da ba a ba shi hanyar yi ba.

Kai kuma Yaya, ga roƙona, ba sai ka jira kowa ba. Gidan hayarka na da ɗakuna da yawa kuma kowa a bayan katanga yake zubarwa. Ka sa a yanka tano biyu gida biyu, a samu mazubi huɗu a ajiye a zaure: na toka da ragowar abinci da kashin dabbobi, na ƙarfe da gwangwani, na gora da kwalba, sai na leda. Na farko mai amalanke zai ɗauka da murna ya kai gonarmu, na biyu da na uku yaran bola jari za su biya kuɗi su kwashe, kuɗin a ba wanda ke share gidan. Ledar ce ba ni da cikakkiyar amsa a kanta, amma ko tara ta a buhu aka yi ya fi a bar ta tana yawo, kuma don Allah kada a ƙona ta a tsakar gida inda yara suke shaƙa. A shago kuma ka gwada rage wa duk wanda ya zo da jakarsa ko kwanonsa ɗan wani abu, ka ga yadda mata za su karɓa.

Kuɗin tano da na mai walda ni zan turo ƙarshen wata tare da na Inna. Idan an kafa su ka ɗauko mini hoto, ka kuma gaya mini abin da ƴan hayar suka ce. A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.