Laccocin tarihin Abzin a Damagaram: sun cancanci a je, amma da gyara

Mutane da dama sun tambaye ni ko laccocin tarihin Abzin da wasu malaman makaranta ke shiryawa a nan Damagaram sun kai a bar hirar yamma a je. Sun kai. Shiga kyauta ne, ana farawa bayan la'asar, a tashi gab da magariba. Sai dai a je da wuri, domin kujerun ba su da yawa, kuma wanda ya makara zai tsaya can baya inda lasifika ba ta kaiwa.

Wadda ta fi kama ni ita ce ta ayarin gishiri. Mai jawabin dattijo ne da ya yi tafiyar Bilma tun yana saurayi. Bai zo da takarda ba, da kantun gishiri ya zo, ya dasa shi a kan tebur, ya ce kowa ya taso ya taɓa. Ya nuna mana yadda ake naɗe kantu a ɗora wa raƙumi don kada ya karye. Ya ce rabin aikin ayari tun kafin a tashi ake gama shi: a yanki ciyawa a ɗaure dami-dami, saboda a hamadar Tenere babu abin da raƙumi zai ci, kuma a riƙa ajiye wasu damman a hanya don dawowa. Da kaka ake tashi, a kai gero Fachi da Bilma, a karɓo gishiri da dabino, sannan a gangaro kudu har kasuwannin ƙasar Hausa. Wata ɗaliba ta ce, "Baba, da me kuke gane hanya?" Ya ce da taurari, da yadda iska ta kwantar da yashi, da kuma madugun da ya san rijiyoyi. Ɗakin ya yi tsit. Geron gonakinmu ne ke ciyar da masu haƙar gishirin can, gishirinsu kuma shi dabbobinmu ke lasa, amma ban taɓa jin an haɗa mini zancen haka ba.

Laccar sarautar Agadas kuwa akwai ilimi, babu daɗin saurare. Malamin ya kawo kafuwar sarautar Abzin wajen 1405, da mamayar Askiya Muhammad na Songhai, da babban masallacin da aka gina a 1515 aka sake gina shi a 1844, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, har zuwa 2013 da UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Ya taɓo labarin zaman Gobirawa a Abzin kafin su yo kudu, da tafiyar Shehu Usmanu Agadas wajen malaminsa Jibrilu ɗan Umar, da unguwar Agadasawa ta Kano. Matsalar ita ce da Faransanci ya karanta komai, kansa a sunkuye, tafinta kuma yana taƙaita magana mai tsawo a kalmomi kaɗan. Tsofaffin da suka fi kowa sanin zancen, su aka bari a baya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka tsallake yaƙin Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransawa tawaye. A ƙarshen 1916 ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, kuma rundunar da ta karya ƙawanyar a Maris 1917 daga nan Damagaram (Zinder) ta tashi. Bayan haka aka kashe malamai da dama a Agadas. Wannan ai tarihinmu ne kai tsaye, amma minti kaɗan aka ba shi. Haka ma ba a ce uffan ba kan yuraniyom ɗin Arlit da ake haƙa tun 1971, kuma ban ga mace ko ɗaya cikin masu jawabi ba, alhali mata na da babban hannu a sana'ar fata (dukanci) ta Agadas.

Na roƙi masu shiryawa su riƙa yi da Hausa, su naɗi muryoyin dattawan nan a waya a raba wa jama'a. Sun ce za su duba. Ta gaba a kan taron makiyaya na Ingal ce, kuma da yarana zan je.