Sayar da fadamar gado ko riƙe ta a yi lambu?

Malam, ka yi tambaya kan fadamar da kuka gada a wajen Kumbotso: dillalai sun kawo tayi za su yanka ta filotai, ƙannenka na son a sayar, kai kuma hankalinka bai kwanta ba.

Sayarwa tana da amfaninta. Kuɗi ne a dunƙule, kowa ya karɓi rabonsa, gardama ta mutu. Amma in magada na da yawa, abin da zai shiga hannun mutum ɗaya ba zai sayi wata gona kusa da gari ba, ga darajar naira kullum sai zubewa take. Kuma da zarar an yi awon igiya an sauke bulo, ƙasar da iyayenku suka yi shekara da shekaru suna ciyarwa da takin dabbobi da sharar birni a bayan jakuna ta tafi ke nan. Fadama ma ba wurin gini ba ce, masu saye za su gani da damina.

Lambu kuwa akwai wahala, ba zan ɓoye maka ba. Man injin ban-ruwa ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Wanda ya zuba tumatir zalla ya san yadda farashin kwando ke faɗuwa warwas a kasuwar Kwanar Gafan in kaya suka yi yawa, bai kuma manta tsutsar da ta cinye gonakin Kadawa da Kura a 2016 ba. Sai dai lambun iyali ba haka ake yinsa ba. Kwami kaɗan na alayyafo, wanda cikin kamar wata guda ake fara yanka, gefensa latas da karas, sai albasa mai jure ajiya, zogale kuma a bakin iyaka. In ɗaya ya faɗi, wani ya ɗauke asarar. Kusancin birnin nan da ya sa dillali ke zawarcin filin, shi ne ke kai ganyenka kasuwar 'Yankaba da sassafe bai yi yaushi ba. Kayan miyan gidajenku ma sun fita daga lissafin cefane.

Ni dai ina bayan a riƙe. In babu mai iya shiga laka a cikinku, ku ba manomi haya shekara-shekara, a rubuce, gaban mai unguwa da shaidu, a raba kuɗin bisa kason gado. Wanda buƙata ta matsa wa kuma, ku 'yan'uwa ku haɗa kuɗi ku sayi kasonsa tun kafin dillali ya sake dawowa.