Sharhi: Aikin kankaren ƙofar gidanmu a Miniyapolis, bayan hunturu uku

Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi. Ranar da aka cire katako, kowane kankare kyau gare shi, sumul, fari tas. A jihar Minesota kuwa ba a yanke wa kankare hukunci sai ya sha hunturu. Namu ya sha uku, har da na 2022 zuwa 2023 da dusar ƙanƙara ta haura inci 90 a Miniyapolis, don haka yanzu ina da bakin magana.

Gidan namu tsoho ne, ginin 1912, a kudancin birnin, mun saye shi a 2018. Harsashinsa na farin dutse ne da aka jera da farar ƙasa, kamar sauran tsofaffin gidajen unguwar. Tun muna shiga na lura matakalar ƙofa ta ɗan janye daga jikin bango, amma ban ɗauke ta da zafi ba. Sai ga sanyin ƙarshen Janairun 2019, da ma'aunin Salsiyos ya sauka zuwa 33 ƙasa da sifiri. Da ƙanƙara ta narke a Afrilu, tafin hannuna yana shiga tsakanin matakala da bango. Samanta ya ɓarɓashe kamar ƙanzo, in ka share sai tsakuwa ta biyo tsintsiya. Siririyar hanyar da ta zagaya gefen gida ita ma ta kwanta wajen bango, duk ruwan da ya sauka sai ya nufi ɗakin ƙasa.

Abin da ya tashe ni tsaye zuwan Hajiya ne a 2021. Hawan farko ya yi tsawo, na biyu gajere, ta kama ƙarfe da hannu biyu tana nishi, ta waiwayo ta ce, "Kai, wannan matakala taku ku gyara ta kafin ta kayar da baƙo." Na ce, "To Hajiya, in sha Allah." A satin na fara neman masu aiki.

Uku suka zo. Na farko ya ce zai shafa sabon siminti a kan tsohon, kwana ɗaya an gama. Na biyu zai fasa ya zuba sabo a kan ƙasar yadda take. Na ukun, wanda muka ba aikin, ɗan kwangila ne mai yara huɗu da ƙaramar motar haƙa, kuma shi ya fi tsada: dala 11,000 da 'yan kai, na matakala da dandamalinta da hanyar gefe. Abin da ya ja ni gare shi, bai ko kalli matakalar ba sai da ya nemi in kai shi ɗakin ƙasa. Ya haska bango da tocila, ya nuna min farin gishirin da danshi ya bari a kan duwatsu, sannan muka fito ya tsaya a gindin indararo. Bakinsa a daidai kusurwar matakalar yake zuba. Ya ce ruwan nan ne ya kashe ta, in ba a kau da shi ba sabuwar ma haka za ta ƙare.

Daga bakinsa na fahimci abin da sanyi ke yi wa gini. Ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai laka takan kumbura da hunturu ta ɗaga duk abin da ke kanta, in ta narke ta sauke shi, amma ba ta mayar da shi inda ta ɗauko shi. Shekara da shekaru ana wannan ɗagawa da saukewa, shi ya raba matakalarmu da gida. Shi ya sa dokar gini ta jihar ta ce gindin gini ya nutse inci 42 a yankinmu, wato ƙafa uku da rabi, a arewacin jihar wajen Duluth kuwa inci 60, don ya wuce inda daskarewa ke kaiwa. Da aka fasa tsohuwar matakalar na leƙa da idona: zaune take a kan ƙasa da ɓaraguzan bulo, ko taƙi biyu ba ta nutse ba.

Kafin a haƙa sun kira layin 811, na masu nuna inda bututu suke a ƙarƙashin ƙasa, aka zo aka kafa 'yan tutoci, rawaya a kan bututun gas, shuɗi a kan na ruwa. Wajen fasawa na ga hankalin da ake so a tsohon gida. Kusa da bango ba su sa babban injin fasa dutse ba, zarto suka sa suka yanke kankaren daga jikin harsashi tukuna, don girgiza tana sassauta farar ƙasar da ke riƙe da duwatsun. Suka haƙa ramuka huɗu, suka zura bututun kwali da rodi, jami'in birni ya zo ya auna zurfin kafin a zuba komai. Ƙarƙashin hanyar gefe suka kwashe baƙar ƙasa, suka shimfiɗa tsakuwa, suka daddale ta da inji har sai da takalmi ya daina barin sawu. Wannan ɓangaren ya ci kwana uku, zubin kansa bai cika yini ba, kuma a ganina nan kuɗina ya tafi. Ban yi da-na-sani ba.

Akwai abin da na yi gardama a kai, na kuma sha kaye. Ni da na tashi ina kallon birkiloli a Zariya, abin da na sani shi ne kankare mai kyau ba ya da rami ko ɗaya. In ka ga ƙofofi, an ci siminti ke nan. Sai ga mutumin nan yana gaya min kankaren da ya yi oda an sa masa sinadarin da ke haifar da kumfar iska a ciki, kusan kashi 6 cikin 100 na jikinsa. Na ce yaya zan biya kuɗin iska? Ya ɗauko gutsuren tsohuwar matakala ya ɗiga masa ruwa, nan take ya shanye. Ya ce kankare yana shan ruwa ko an ƙi ko an so, in ruwan ya daskare a ciki bai sami wurin miƙe ƙafa ba, sai ya fasa. 'Yan kumfan nan, da ido ba ya ganinsu sosai, su ne ɗakunan da yake shiga. Da motar kankare ta iso ya miƙo min takardar direba, ya sa yatsa a kan ƙarfin, fam 4,500 a kowane murabba'in inci, da adadin iskar. Har yau takardar tana cikin fayil ɗin gidan.

Ana cikin zubi kwaɓin ya ɗan yi tauri, wani yaronsa ya ɗaga wa direba hannu a ƙara ruwa. Ogan ya hana, ya karɓi shebur da kansa. Ƙara ruwa yana sauƙaƙa wa lebura aiki yana kuma raunana kankare, nan da gida duk ɗaya ne. Bayan sun baje sai suka zauna a bayan mota suna shan kofi, har na fara tsarguwa. Ashe jira suke ruwan da ya taso sama ya ƙafe, don in aka goge shi ya koma ciki, saman nan ne zai fara ɓarewa. Daga nan suka ja tsintsiya a kai don kada ya yi santsi, suka tsaga layuka masu zurfin inci ɗaya a daɓe mai kaurin inci huɗu, suka sa soso mai laushi tsakanin sabon kankare da tsohon bango aka toshe da danƙo. Hanyar ta karkata kwatan inci a kowace ƙafa, nesa da gida. Hawa huɗun nan kuwa na auna da kaina, inci bakwai-bakwai.

Inda suka ɓata min rai shi ne lokaci. Farkon Satumba aka yi alkawari, ba su zo ba sai tsakiyar Oktoba, kuma sati uku ina kira ba a ɗauka. Wannan ya wuce rashin kyautawa kawai. Sabon kankare yana son kwana 28 ya kai ƙarfinsa, yana kuma son ya bushe kafin daskarewar farko, a nan kuwa dare yana iya kai sifiri tun Oktoba ba ta ƙare ba. A gida safe da yamma ake ba sabon daɓe ruwa. Su feshi suka yi masa mai riƙe danshi, suka lulluɓe shi da barguna na musamman har sati guda. Ya tsira, amma kasada aka yi da kuɗina, kuma ba a ba ni haƙuri ba sai da na yi magana. Motar haƙarsu ta kwaɓe ciyawar gaban gida, irin da suka watsa bai tsiro ba, ni na sake shukawa da sanyi ya wuce.

A hunturun farko ɗan kwangilar ya hana mu zuba gishirin narkar da ƙanƙara ko ƙwaya ɗaya. Dokar birni ta ce a share hanyar gaban gida cikin awa 24 bayan dusa ta tsaya, don haka shebur ne da asuba, sai yashi. Yara suka riƙa kwaso yashin nan a takalmi har falo, uwargida ta sha shara, ta kuma yi haƙuri. Da zafi ya shigo na shafa maganin hana shan ruwa kamar yadda ya ce.

Yau matakalar tana nan inda aka ajiye ta, danƙon da ke tsakaninta da bango bai yage ba, saman bai ɓare ko'ina ba. Ɗakin ƙasa ya bushe har mun shimfiɗa darduma muna salla a ciki. Tsaga ɗaya ce ta fito, siririya kamar gashi, a kusurwar hanyar gefe, ba a kan layin da suka yanka ba. Na kira shi, ya zo ya duba, ya ce garantin shekara ɗayan bai haɗa da irinta ba, kuma gaskiya haka takardar ta ce. Ina auna ta duk Afrilu, ba ta ƙaru ba.

Daɓen gareji ne ya rage mana, shi ma ya tsattsage. Ɗan kwangilar nan na sake kira, amma tun Fabrairu na sa suna, kuma wannan karon na sa an rubuta a yarjejeniya cewa in Yuli ta fita ba a zuba ba, a dawo min da kafin alƙalamina.