Rancen gida a Kano: asusun NHF ko bankin Musulunci?

Ma'aikacin da ya ga gida a Hotoro ko Rijiyar Zaki amma kuɗinsa bai kai ba, hanya biyu ce a gabansa.

Akwai asusun gidaje na ƙasa, NHF, inda ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashi duk wata. Bankin gidaje na gwamnatin tarayya, FMBN, ke ba da rancen daga wannan asusu ta hannun bankunan jinginar gidaje, ruwa kashi 6, biya har shekara 30. Sauƙi kam akwai, sai dai jira: fayil kan daɗe har mai gida ya gaji ya sayar wa wani. Kuma ruwa ruwa ne komai ƙanƙantarsa. A Kano wannan kaɗai ya isa mutum ya ja da baya.

Bankin Musulunci, irin su Jaiz, shi ke sayen gidan, ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ko ya ba ka haya har ka mallaka. Biyan wata ya fi nauyi, kuma sai ka ajiye kafin alƙalami mai tsoka. Ni dai, in albashi zai ɗauka, nan na fi karkata.

Wajen takardu kuwa duk kanwar ja ce. Takardar ciniki mai hatimin mai unguwa da shaidu ba ta wadatar da banki. Satifiket ɗin mallakar fili da gwamnati ke bayarwa yake nema. Lauya zai bincika a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Kano, ko an taɓa jinginar da gidan, sannan dokar filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin sayarwa ko jingina. Satifiket ɗin yana hannun banki sai ka gama biya.