Wata takwas da kwamfutar editin ɗina da DaVinci Resolve, ga abin da na gani

Ni dai kuskuren da na fara tafkawa shi ne na sayi kwamfuta tun ban san da wace manhaja zan yi aiki ba. Na ga laftof an manna mata sitikar i7 na ce shikenan kakata ta yanke saƙa, ashe furosesar, wato injin lissafin kwamfutar, tsohon yayi ce, RAM ɗin, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake kai, giga 8, kuma ba ta da katin girafik, mai sarrafa hoto, nata na daban. Bidiyon 1080 tana ɗan lallaɓawa da shi, amma ranar da na jefa mata 4K fanka ta dinga gurnani kamar za ta tashi sama, hoto na ɗingishi, murya ta yi gaba baki na biye da ita a baya. Aikin minti goma sai in kwana a kansa. Kuma ba laifinta ba ne, 4K ɗin nan 3840 ne sau 2160, wato ninki huɗu na 1080, ni ne na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Da na tashi canzawa sai na juya lissafin. Na fara zaɓar manhaja tukunna, sannan na haɗa kwamfutar tebur da za ta dace da ita. Premiere Pro na Adobe yana da kyau kuma masu koyar da shi sun yi yawa a YouTube, sai dai haya ce, ka daina biya a rufe maka ƙofa. Final Cut Pro sai kana da na'urar Apple. CapCut kuwa ba raini ba, in gajerun bidiyo na TikTok kake yi ya ishe ka har ya yi yawa, amma doguwar hira mai kamara biyu da gyaran kala ba gonarsa ba ce a ganina. Sai na tsaya a kan DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design, na kyautan.

Abin da na haɗa: furosesa Ryzen 5 5600 mai koro 6, RAM giga 32, katin girafik RTX 3060 mai giga 12, da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, guda biyu. Wani zai ce furosesar ai matsakaiciya ce, eh haka ne, da gangan na yi. Resolve yawancin nauyinsa kan katin girafik yake jibgewa, musamman gyaran kala da ifekt, kuma abin da ya fi ci shi ne ƙwaƙwalwar katin da ake ce wa VRAM. In ta cika ba ya wani lallashi, saƙo zai fito maka cewa ƙwaƙwalwar katin ta ƙare, aiki ya tsaya cak. Shi ya sa na ɗauki 3060 ɗin da ya fito tun 2021 na bar 4060 na 2023 duk da ya fi shi sabunta da ɗan sauri, don shi giga 8 gare shi. To a nan fa sai an buɗe ido, 3060 na cikin laftof giga 6 ne kacal, suna ɗaya amma ba hali ɗaya ba, har na teburin ma akwai mai giga 8, a duba kwali da kyau.

RAM kam 16 za ta yi in 1080 kake yi. Ni 32 ɗin ta ba ni kwanciyar hankali ne kawai, ina editin ga burauza a buɗe da shafuka barkatai ba na ko waiwaye.

Inda na fi shan mamaki shi ne wajen fayil ɗin kansa, kuma wallahi da wani ya zaunar da ni ya yi min wannan bayanin tun farko da na huta. Waya da yawancin ƙananan kamarori suna ɗauka ne da tsarin matse bidiyo na H.264 ko H.265, wanda aka yi shi don fayil ya zama ƙarami, ba don a ji daɗin yanka shi ba. Yadda yake aiki, ya adana cikakken hoto guda ɗaya sannan na bayansa ya rubuta abin da ya canza kawai, to duk sanda ka ja taimlayin, wato layin da ake jera bidiyon a kai, baya ko ka yi tsalle zuwa tsakiya dole kwamfuta ta koma ta sake lissafo hoton daga wancan cikakken. Ko sabuwar kwamfutar tawa takan ɗan yi tuntuɓe da 4K na H.265 in na jera kamara biyu. Maganin shi ne furoksi, wato manhajar ta yi maka ƙaramin kwafi mai sauƙi, ni ina sa tsarin bidiyo na DNxHR a rabin girma, ka yi yanke-yankenka a kansa sumul, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Yana cin wuri, amma ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma har yau ina cizon yatsa, da na san furoksi a lokacin da wata ƙila tsohuwar laftof ɗin ta ƙara min shekara guda.

Sai matsalar murya da baki. Wannan sau da yawa ba ƙarfin kwamfuta ba ne, waya ce ke canza adadin hotunan da take ɗauka a sakan tana cikin ɗauka. Ina bi da irin waɗannan ta manhajar HandBrake, ita ma kyauta ce, in tsayar da su a adadi ɗaya kafin su shiga aiki.

SSD biyun, ɗaya na Windows da manhajoji, ɗaya na bidiyon da nake kan aikinsu da kash, wato fayilolin wucin gadi da manhajar ke ajiyewa. Wajen saurin kwasar fayil, tsohon hadis (hard disk) mai juyawa da ƙyar yake wuce mega 200 a sakan, SSD nau'in SATA wajen 550, nau'in NVMe kuma dubbai. Hadis ɗin na bar shi ma'ajiyar aikin da aka gama.

Shi Resolve na kyautan gaskiya ba ya rowa. Yanka, gyaran kala, Fusion na ifekt, Fairlight na sauti, duk a gida ɗaya, yana fitar da har 4K kuma ba ya manna maka tambari a bidiyo, sai in ka taɓo kayan da aka keɓe wa Studio, wato Resolve na kuɗi. Abin da na fi jin rashinsa shi ne mai goge dusar hoton da aka ɗauka cikin duhu, da Magic Mask mai ware mutum daga bayan hoto, da rubuta sabtaitil daga murya, duk suna cikin na kuɗin, wanda sau ɗaya ake biya. Koyonsa ma sai an daure, tsarin nod ɗin nan na shafin kala sati biyu ina kallonsa yana kallona, sai daga baya na gane ashe kamar bututu ne, hoto ya shiga ta hagu ya bi gyara ɗaya bayan ɗaya ya fita ta dama.

Wanda yawo ya yi masa yawa kuma dole sai laftof, MacBook masu guntun M, tun daga M1 na 2020, suna jan bidiyo da kyau ba hayaniya, illa dai RAM ɗinsu ba ta ƙaruwa bayan an saya, don haka kar ka yarda da giga 8.

Inda na yi sakaci a nawa haɗin shi ne sikirin. Na bar tsohon da nake da shi, sai in gyara fata ta yi kyau a idona, in tura waya in ga mutum ya koma ruwan lemo. Yanzu kafin in miƙa kowane aiki sai na duba shi a waya biyu, kuma abu na gaba da zan saya ba sabon kati ba ne, sikirin IPS ne, wato irin wanda ke nuna kala daidai, mai cika ma'aunin kala na sRGB.