Turnabis mai turawa (Yankee) da na saya a kasuwar Katako

Ga masu aikin katako nan Yamai, wannan turnabis ɗin tsohon hannu ne amma wallahi ya biya kuɗinshi. Yankee ne, na Amurka, kamfanin North Brothers na Filadelfiya suka fara yin shi, daga baya Stanley ya saye su a 1946. Ba batir ba sharji, ko kuran ya tafi aikinka na tafiya. Ka ɗora baki kan bis ka danna, sandar nan mai murɗaɗɗen layi ita ke juya bakin da kanta. Akwai ɗan maɓalli a jiki mai wuri uku, ɗaurewa, kwancewa, tsakiya kuma ya kulle ya zama turnabis na kullum.

Wajen canza baki ne mutane ke wahala. Fara maida sandar ciki ka kulle ta da zoben da ke jikin bututun, don mai resor in ya kuɓuce da ƙarfi yake fitowa, kar ka kuskura ka nuna shi wajen fuskarka ko ta yaron shago. Sannan ka ja zoben da ke riƙe baki, tsohon ya fito, ka sa sabon kana ɗan juya shi har ka ji ya zauna, don gindinshi an yanke rabi kuma akwai ɗan tsagi a gefe inda yake kamawa, in bai shiga daidai ba ka saki zoben to yana fara aiki zai zame ya karce maka katako. Ka ɗan ja shi da hannu ka tabbata.

Abin da bai min daɗi ba, bakunan ba girma ɗaya ba ne. Turnabis mai lamba 135 baki mai kaurin milimita 5,5 yake ci, 130 milimita 7, babban 131 kuma 8, kuma samun su a kasuwa sai an sha yawo. Nawa 130 ne, baki biyu kawai ya zo da su, duka masu faɗi. Sai da na samu adafta mai karɓar ƙananan bakunan nan masu kusurwa shida na injin batir kafin na iya taɓa bis mai kuros.

Katako mai tauri sai ka fara huda ɗan rami. Ƙurar harmatan ma tana shiga layin sandar ta sa ya yi nauyi, goge da tsumma, ɗigon mai kaɗan ya isa. In za ka saya ka gwada wuraren maɓallin ukun a gaban mai kayan, ka kuma tambayi bakunan tun kafin a yi ciniki.