Rile ɗin Alaba da famfon lambun Baba

Auta, assalamu alaikum. Ina fata Baba da Inna da sauran mutanen gida suna lafiya. Na ga hoton tankin lambu da ka turo, da jerin kayan da kake so in sayo maka a nan Ikko: ESP32 ɗaya (ƙaramin allon kwamfutar da zai ba famfo umarni), allon rile mai layi huɗu (makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa don ya kunna ko ya kashe babba), da na'urar auna tsayin ruwa. Ranar Asabar na shiga kasuwar Alaba, kafin azahar na haɗa su duka. Amma ban ba direba su ba tukuna, sai na gaya maka abin da ya same ni da irin wannan rile, don famfon Baba ba abin gwaji ba ne.

Wajen samuwar kaya babu haɗi tsakanin nan da Maraɗi. Ka tuna wata biyun da muka yi muna jiran mai zuwa Kano ya sayo mana Arduino, allon nan ɗan'uwan ESP32, guda ɗaya tak? A Alaba International da ke Ojo, cikin kwali ake zuba su, rile kuwa kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba. Yawancin allunan kwafin China ne masu guntun CH340, ba na asali na Italiya ba, kuma suna aiki lafiya lau. Abin da ba za ka samu a nan ba shi ne mai zama ya yi maka bayani. Yaron shago ya jona allon da cajar waya, ya taɓa guntun waya a ƙafar IN, rile ya ce ƙas, jar fitila ta kama, ya miƙo mini na'urar POS, idonsa na kan mai saye na gaba. In ka ɗora dalma a kan kaya, ba a mayarwa. Sai na tuna tsohon mai gyaran rediyon unguwarmu, wanda zai yage kwalin shayi ya zana maka hanyar wuta, ya ciro taransista daga mataccen talabijin ya ba ka kyauta. Shi kayan ne ba shi da su, amma wallahi ya fi waɗannan sanin abin da ke hannunsa.

A bayan shuɗin rile ɗin, SRD-05VDC-SL-C, an rubuta 10A 250VAC. Wannan rubutun ne ya yaudare ni bara. Gidan da muke haya a Ojo yana da rijiyar burtsatse da famfo mai ƙarfin doki ɗaya, kuma kullum ana faɗa kan wanda ya manta bai kashe shi ba. Na lissafa: doki ɗaya wat 746 ne, a kan volt 230 bai fi amfiya huɗu zuwa biyar ba, rile kuma na goma ne. Na haɗa kai tsaye. Mako uku komai daidai, mai gida har albarka ya sa mini. Wata asuba aka dawo da wuta, sai muka farka ruwa na kwarara daga saman tanki har ƙofar ɗakin maƙwabta. Fitilar allon a kashe, umarnin tsayawa ya tafi, amma famfo na ta gurnani. Da na fasa shuɗin murfin da wuƙa, na tarar da bakunan ƙarfen nan biyu sun yi baƙi ƙirin, sun manne kamar an yi musu walda. Motar famfo, wato injinsa, idan za ta tashi tana zuƙar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci tana gudu, kuma duk lokacin da aka yanke ta sai tartsatsi ya tashi tsakanin bakunan. Goman nan da aka rubuta ta kaya masu sauƙi ce, irin su ƙwan fitila. Yanzu shuɗin rile kwantakta kawai yake tayarwa, wato babban makunnin da aka yi don manyan injuna, ita kuma kwantakta ta ɗauki nauyin famfo. Tun daga nan ban sake jin ƙorafi ba.

ESP32 ɗin da ka zaɓa shi ma yana da nasa hali. Ƙafafunsa volt 3.3 suke fitarwa, ba 5 ba kamar Arduino Uno da ka saba da shi. Yawancin allunan rile na nan suna kamawa ne idan ƙafar ta sauka ƙasa, su saki idan ta hau sama. To a wasu masu layi ɗaya, 3.3 ba ta kai "sama" ba, sai rile ya kama ya ƙi saki. Shi ya sa na zaɓo maka mai optokofla PC817, wato ɗan guntun da ke raba wutar ESP32 da ta rile, da ɗan marfin nan da aka rubuta wa JD-VCC. Cire marfin. Ka ba JD-VCC volt 5 daga caja ta daban, ka ba VCC 3.3 daga ESP32. Kada ka yi ƙoƙarin ciyar da nadin rile, wato naɗin wayar da ke cikinsa, daga ƙafar ESP32: kowane ɗaya yana cin kusan miliamfiya 70, huɗu sun doshi 300, alhali ƙafar Uno ma 20 aka shawarta. In ka ga ESP32 yana sake tashi da kansa duk sanda rile ya kama, yunwar wuta ce ko tartsatsi, ba shirinka ne ya lalace ba. Kuma a farkon shirin ka ɗaga ƙafar sama, in ba haka ba famfo zai zabura duk lokacin da kuran ya dawo.

Na ce kuran, na tuna: nan NEPA ake cewa har yau, ko da yake an sauya wa hukumar suna tun 2005. Kan filoginsu ma daban ne, mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila, ba mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa da muke da shi ba, don haka ban sayo maka caja ba. Ka nema a kasuwar gida.

Akwai kuma abin da ku kuka fi mu. Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, har zuwa Maris 2024, na san mutane da yawa a wajenmu sun koma sola da batir na volt 12. In Baba ya yarda ya koma ƙaramin famfo na volt 12, je ka wajen masu kayan mato ka sayi rile ɗin mota mai amfiya 30 ko 40. An yi shi ne don zafin inji da ƙura, kuma a Maraɗi ba ya wahalar samu. Shuɗin rile ya tayar da shi, ka gitta dayod 1N4007 a kan nadinsa. Sai dai kada ka yanke wutar farantan sola da aka jera a jere da shi ko da shuɗin, don tartsatsin wutar batir ba ya mutuwa da wuri kamar na kuran, kuma shuɗin volt 30 ne iyakarsa a wannan wuta.

Na canza maka na'urar auna ruwa. HC-SR04 da ka rubuta ba ta jure tururin cikin tanki, tawa ta yi tsatsa cikin damina ɗaya, don haka na sayo JSN-SR04T mai rufaffen kai. Ita ma volt 5 take mayarwa a ƙafar Echo, sai ka rage ta da resista biyu kafin ta shiga ESP32. Na ƙara rile biyu na ajiya. Kwantakta kuwa ka turo mini hoton farantin da ke jikin famfon, in ga amfiya nawa aka rubuta, sannan in saya. Ɓangaren volt 220 kada ka taɓa shi kai kaɗai, ka kira mai aikin wuta ya tsaya a kai, kuma a sa komai cikin akwatin roba mai murfi saboda yara.

Direban da ya kawo albasa kasuwar Mile 12 zai juya ranar Laraba, ta Katsina da Jibiya zai bi. Zan sa kayan cikin gwangwanin madara, in naɗe da atamfar Inna. Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa ina jiran hoton farantin.